Farantin Gyaɗar Hajja Batul

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun ci abinci, jikata Ruwaida ta miƙo min wayarta wai in ga aikinta. Wani ɗan guntun fim ɗin barkwanci ne na Faransawa ta ɗora masa Hausa, kuma ta ce kafin shayinta ya huce ta gama. "Sidi, ashe shugul ɗinku sahal ne marra," in ji ta, da Hausar nan tasu ta 'yan Jidda wadda rabinta Larabci ne, wato aikinmu ba wuya ko kaɗan, Sidi kuwa kaka ke nan a bakinsu. Na kalla har ƙarshe. Fassarar daidai take, babu kalmar da ta ɓace. Amma ko murmushi ban yi ba, ita ma da ta yi aikin ban ga haƙoranta ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda sana'ar nan take, ke Ruwaida da abokanki masu ganin wasa muke yi.

Sunana Issufu, mutumin Damagaram ne ni. Na zo Jidda da ƙarfina, na samu aikin ɗaukar kaya a wani sito kusa da Tashar Jiragen Ruwa, ina kwana a unguwar Mahjar tare da 'yan uwa. Abin da na fi abokan aikina da shi ɗaya ne, na yi makaranta a gida har Faransanci ya zauna a bakina. A lokacin babu gidan sinima a garin nan. Wanda ke son kallo sai ya je shagon haya ya ɗauki kaset ɗin bidiyo, ya kai ɗaki a taru a kansa.

A lungunmu shagon Usta Babikir yake, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne. Bahaushen Sudan ne, dogo, mai ƙarancin magana, yana gyaran injinan bidiyo kuma yana ba da hayar kaset. Amma abin da ya ɗaga sunansa shi ne wani ɗan ɗaki a bayan shagon, inda yake ɗora muryar Hausa a kan wasannin Misira saboda sababbin zuwa da ba su iya Larabci ba. Wata rana da la'asar na raka abokina karɓar injinsa, na tarar Usta yana gwada wani inji da kaset ɗin Faransawa da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya bar masa. Ga wani mai gida a talabijin yana ta zazzaga wa ma'aikacinsa masifa, ma'aikacin kuma yana ja da baya har ya zauna cikin tukunyar miya. Na fashe da dariya, na shiga faɗa wa abokina abin da suke cewa, ina kwaikwayon muryoyinsu duka biyun. Usta ya ɗaga kai daga aikinsa ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya zol, bawan Allah, kana jin wannan gwarancin nasu?"

"Ina ji, Usta."

"Ina da kwali guda na irinsa, ba mai ɗauka. Gobe in ka tashi daga sito ka zo."

Na zo da zumuɗi, ina zaton a ranar za a ba ni makirfo. Wata uku na yi ban taɓa shi ba! Aikina goge kan inji da auduga da ɗan sinadari, da mayar da zaren kaset farko, da share fumfuna. Ku da kuka tashi da waya ba ku san gumin Jidda yana cin kaset ba. Ka ajiye shi wata biyu a kanta, ka buɗe ka tarar da farin abu ya bi zaren kamar gari. Sai ka kwance shi, ka riƙa jan zaren a hankali tsakanin yatsu biyu da ƙyalle mai laushi, tun daga farko har ƙarshe. In ya tsinke ka yanke shi a karkace, ka haɗa da siririn salatif ta baya. Ga kuma kaset ɗin Faransa da nasa halin: in ka sa shi a inji na gama-gari sai hoton ya fito fari da baƙi. Inji ɗaya tak Usta ke da shi mai karanta shi da launi, kuma ya fi kula da shi a kan lafiyarsa.

Ɗakin muryar kuwa, in mutum biyu suka shiga na uku sai ya tsaya a ƙofa. An manne bangonsa da kwalayen ƙwai da tsofaffin barguna. Inji biyu ne, ɗaya na karantawa ɗaya na ɗauka, sai ƙaramar miksa mai haɗa sauti a tsakaninsu, sai makirfo da aka sa wa safa don kada numfashi ya buge shi. Sai kujerar katako mai gajeren ƙafa ɗaya, wadda muke kira kujerar murya. In za a fara ɗauka dole a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, saboda ƙararsa. Minti ashirin a ciki ka fito kamar an tsamo ka daga teku. Kuma kai kaɗai ne kowa: kai ne mai gida, kai ne matarsa, kai ne ɗan sanda, kai ne tsohuwar da ke leƙe ta taga. Muryar mata da toshe hanci nake yinta, ta masu kuɗi kuma da cika kumatu da iska.

Fim na farko da Usta ya bar ni na ɗora wa murya, na yi masa aikin ɗan makaranta. Duk kalmar da Bafaranshe ya furta sai da na ba ta Hausarta. Na fito ina jiran yabo. Usta ya saurari minti biyar ya kashe.

"Ina mutane za su yi dariya?"

"Ko'ina mana, Usta, ai fim ɗin da ban dariya."

"A'a. A ina? Ka cika ko'ina da surutu. Mutum ya faɗo daga tsani, kai kana ta bayani. In suka yi dariya ba za su ji maganarka ba, in suka saurare ka dariyar ta wuce. Ka haƙa musu rami."

Ramin dariya ke nan, kuma shi ne rabin sana'ar. Wurin da ka san ɗaki zai fashe, sai ka rufe bakinka, ko da ɗan wasan yana magana, ka bar mutane su cika wurin da kansu. Sauran rabin kuma ƙofa ce. Waɗannan finafinan na Faransawa a kan ƙofofi aka gina su: wannan ya shiga ta nan, wancan ya fita ta can, da ƙyar suke kuskure juna. Ƙarar ƙofar nan ita ce gangar fim ɗin. Yatsanka na kan miksa, in ƙofa za ta bugu ka sauke muryarka ka ɗaga sautin asali, gam, sannan ka dawo. In ka makara da ƙiftawar ido ɗaya ka kashe abin.

Akwai kuma matsalar dulab, wato kabad ɗin kaya. Kusan kowane fim nasu sai ka ga miji ya dawo gida ba zato, wani ƙato kuma ya faɗa cikin dulab ya ɓuya. Kun dai san abin da ya kawo shi gidan. To mu kasetmu har ɗakin iyali yake shiga, uwa da 'ya'ya a zaune. Wuraren da ba su dace ba muna tsallake su da maɓallin dakatarwa, amma mutumin cikin dulab fa, in ka cire shi ka cire fim ɗin. Kwana biyu ina juya abin a raina, sai dabara ta faɗo min ina tsakiyar ɗaukar buhu a sito. Na mai da shi baƙo marar iƙama, wato takardar izinin zama, wanda matar gidan ta ɗauka gyaran famfo, mijin kuma na mai da shi mai duba takardu. Na raɗa masa suna Tanko. Jama'a, ranar da kaset ɗin nan ya fita! Rabin masu kallonmu ko dai sun taɓa ɓuya a bayan ƙofa ko sun ɓoye wani. Tun daga nan duk wanda ya shiga dulab a kowane fim, dogo ne ko gajere, mai gashi ko mai sanƙo, Tanko ne. Direbobi da leburorin tasha sukan tsaya a bakin shago ranar Alhamis su ce, "Sabon Tanko ya fito?" Na bar sito, na zauna wurin Usta gaba ɗaya.

Amma kafin kowane fim ya shiga ɗakin murya, sai ya bi ta gaban Hajja Batul. Yayar Usta ce, tsohuwa mai sayar da soyayyar gyaɗa a bakin shagonmu, kuma kunnenta ya yi nauyi ƙwarai. Bayan la'asar sai Usta ya juya talabijin ya fuskanci ƙofa, ya kashe sautin ɗungurungum, ya sa sabon kaset. Hajja na zaune da babban farantinta a cinya tana ɗaura gyaɗa a leda, tana ɗan ɗaga ido. In dariya ta kama ta sosai, sai ta sauke farantin ƙasa kada ya zube. Abin da muke jira ke nan. Saukewa ɗaya, fim ya samu shiga. Saukewa uku, an samu kaset ɗin sallah. In har aka yi rabin awa faranti na cinya, Usta zai cire kaset ɗin ya jefa a kwali, ko wane ne ya yi fim ɗin. Dalilinsa shi ne, abin da ya ba kurma dariya ba tare da kalma ɗaya ba, ya riga ya haye teku da ƙafarsa, mu rakiya kawai za mu yi masa.

Mutum ɗaya ne wannan al'ada ke ba haushi, Malam Lawali. Tsohon malamin makaranta ne daga Maraɗi, yana aikin tafinta a wani kamfanin jiragen ruwa, kullum da riga mai guga da mujallun sinima da yake karɓa wurin ma'aikatan jirgi. Daga bakinsa na fara sanin cewa a can Faransa akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su kalli fim su rubuta ra'ayinsu, su ba shi taurari. Ya buɗe min shafi ya nuna min. Finafinan da muke ji da su, waɗanda Mahjar ke kokawa a kansu, yawancinsu tauraro ɗaya aka ba su, wasu ma baƙin ɗigo, wato ba tauraro ko ɗaya. Masu sharhin suna ganinsu shirme ne na tara kuɗi, faɗuwa da marin juna da ihu. Na ce to su mutanen gari fa? Ya ɗan ɓata fuska ya ce ai su cika gidajen sinima suke yi, har layi, kuma wannan ne abin takaicin.

"Bon, Issufu," yakan ce min, "kai fa ka yi makaranta. Har yaushe mai gyaɗa za ta riƙa zaɓa maka fim?"

Ina dariya in share, amma maganar tana shiga. Ina son a ce da ni mai ilimi, ba mai toshe hanci kawai ba.

Ana nan idanun Usta suka fara ba shi wahala, har ya kai ba ya ganin ƙananan sukurori. Bayan babbar sallah ya shirya tafiya gida Sudan a yi masa aiki ya huta wurin 'ya'yansa. Ranar tafiyar ya kira ni ɗakin murya, ya dafa kujerar nan.

"Shekara guda zan yi, in sha Allah. Surukina ya dame ni in ba shi wurin nan ya buɗe shagon matse lemo. Na ce masa ya jira. In na dawo na tarar da mutanena yadda na bar su, kujera da shago naka ne. In na tarar sun watse, halas, shi ke nan, a matse lemo, kai kuma sito na nan bai gudu ba."

Watanni na farko lafiya lau. Sai azumi ya matso, lokacin shirya kaset ɗin ƙaramar sallah, wanda shi ne fuskar shago ta shekara. Rana ɗaya Malam Lawali ya shigo da kaset a hannu kamar ya ɗauko jariri. Fim ɗin barkwanci ne, ya ce, amma na masu hankali, duk masu sharhi sun cika shi da taurari. Na kalla ni kaɗai da sauti, kuma gaskiya na yi dariya. Mutum shida ne a teburin cin abinci, suna yi wa juna habaici mai kaifi, kowa na tona asirin kowa cikin ladabi. Har yau ina cewa fim ne mai kyau, masu sharhin ba ƙarya suka yi ba.

Na juya wa Hajja talabijin kamar yadda aka saba. Ta kalla, ta ɗaura gyaɗa, ta kalla. Can ta juyo ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa:

"Ɗana, yaushe za su gama cin abincin a fara fim ɗin?"

Faranti ko motsi bai yi ba. Malam Lawali ya ce, "Ka gani? Ba ta jin komai, ta yaya za ta yi hukunci? Dariyar a cikin maganar take, kai kuma maganar za ka ba su." Kunnena ya ji daɗin wannan bayani. Na juya talabijin ciki, na shiga ɗakin murya. Mako uku na yi a kan fim ɗin nan, na zuba masa Hausar da ban taɓa zuba wa wani ba. Ban haƙa rami ko ɗaya ba, don babu inda zan haƙa, magana ce bisa magana. Na jera injina huɗu ina kwafa, kowane kwafi sai ya ci tsawon fim ɗin cif, har na cika kanta biyu. Na rubuta a kwali na manna a ƙofa cewa ga fim ɗin da ya girgiza masana.

Ranar sallah kafin azahar kanta ta zama wayam, ni kuwa ina ta washe baki. Washegari da hantsi Sani Direba, wanda bai taɓa fashin Alhamis ba, ya shigo ya ajiye kaset a kan tebur a hankali kamar mai mayar da bashin gaisuwa.

"Issufu, mu goma sha biyu muka taru a ɗaki da tuwon sallarmu. Muka sa fim, muka ga suna cin abinci, muka ce madalla, mu ma mu ci. Muka gama, muka wanke hannu, muka sha shayi. Su ba su gama ba. Wai ina Tanko?"

"Wannan ba irin na Tanko ba ne, Sani. Na tunani ne."

"Tunani? Ni da na baro 'ya'ya huɗu a gida shekara uku ban gan su ba, kai za ka ba ni hayar tunani ranar sallah?"

Kunya ta kama ni, na ɗauki kaset ɗin na mayar kan kanta. Kafin la'asar kasetu sun dawo kamar an kora su. Wata Hajiya ta aiko a faɗa min baƙinta sun yi barci a kan kujera. Abin da ban gane ba sai a ranar shi ne, habaicin mutanen nan shida a kan abubuwan garinsu yake, wane ya fi wane asali, wa ya karanta wane littafi. Na kawo kalmomin Mahjar lafiya, amma abin da ke sa su ban dariya ya zauna can. Ga shi kuma shekarar ce faifan tauraron ɗan Adam ya fara yawa a kan rufin gidaje, mutum na iya kallo ba sai ya zo wurinmu ba. Alhamis ta zo, ta sake zuwa, ina zaune ina kallon titi. Surukin Usta ya fara biyowa ta lungun yana auna faɗin ƙofar shagon da ido.

Abin da ya fi ci min rai, Hajja Batul ta ɗauke farantinta ta koma bakin shagon tela, can ƙarshen lungu. Ko faɗa ba ta yi min ba. Na yi kwana goma ina fama da girman kai, sannan na sayi goro da ganyen shayi na tafi na durƙusa gabanta.

"Hajja, na yi kuskure."

"Me ka ce?"

"Na ce na yi kuskure!"

"Ɗaga murya, ɗana, kunnen ba ya ji."

"NA YI KUSKURE, HAJJA! KE KIKA FI NI SANIN FIM!"

Tela ya tsayar da kekensa, mai wanki ya leƙo, masu shan shayi a tsallake suka kwashe da dariya har da tafi. Hajja ta karɓi goronta ta ce to, ta ji, washegari kuma ta dawo da farantinta bakin shagonmu. Har gobe ina zargin tun na farko ta ji.

Saura mako bakwai babbar sallah, kuma saƙo ya iso cewa Usta na tafe ta jirgin ruwa tare da alhazai. Na bi ma'aikatan jirgi, na bi 'yan uwa masu zuwa daga Yamai, na tara kaset tara. Kullum bayan la'asar in juya wa Hajja talabijin. Na farko, faranti na cinya. Na biyu, na cinya. Na biyar ta ɗan yi murmushi, sai ta ci gaba da ɗaurin gyaɗarta. Tara suka ƙare ba saukewa ko ɗaya. Sai na tuna da tsohon kwalin Usta. Can ƙasansa na sami wani kaset da fumfuna ta cinye har ba a ganin zaren. Malam Lawali, wanda bai daina zuwa ba ko da yake ya rage yawan bayani, ya karanta sunan ya riƙe baki. Ya ce wannan ai shi ne wanda masu sharhi suka fi yi wa kaca-kaca a shekararsa, baƙin ɗigo aka ba shi, har an ce cin mutuncin mai kallo ne. Na ce to bari mai gyaɗa ta gani.

Kwana biyu na yi ina jan zaren nan da ƙyalle, na haɗa shi wuri uku. Ranar Talata na sa shi. Wasu masu fenti biyu ne aka aika su shafe wani gida, suka kuskure hawa suka shiga gidan wani mutum da ke jiran maigidansa cin abincin rana. Ɗakin ƙofa huɗu gare shi. Ga tsani, ga bokitin fenti ruwan ɗorawa, ga talo-talo mai rai da aka kawo kyauta ya kuɓuce. Minti bakwai da farawa, mai fenti ya juya da tsani a kafaɗa ya kwashe hular baƙo, ya juyo ba da haƙuri ya kwashe baƙon kansa. Hajja ta sauke faranti! Na ji kamar in yi guɗa. Talo-talo ya bi ta cikin fenti ya haye farin teburi, ta sake saukewa. Sai ga wani ƙato ya faɗa cikin dulab. Na ce a raina, Tanko, barka da dawowa! Masu fenti ba su san yana ciki ba, suka shafe dulab ɗin har ƙofar ta manne, saukewa ta uku ke nan. Daga nan suka ga ya tare musu hanya, suka ɗauke shi za su sauka da shi bene, ya kuɓuce musu ya bi matakala yana tsalle shi kaɗai. A nan Hajja ba ta samu damar saukewa ba. Faranti ya kife, gyaɗa ta watsu har tsakiyar titi, tsohuwa na riƙe da ciki hawaye na zuba.

Na waiga, sai ga Malam Lawali a bayanta ya cire tabarau yana share ido, kafaɗunsa na rawa. Da ya ga na gan shi sai ya gyara tsayuwa.

"Bon. Shirme ne, ban canza magana ba. Amma shirme ne da aka yi da ma'auni. Dubi ƙofofin nan, ko agogo albarka."

Na sake sa mata fim ɗin washegari, wannan karon da littafi a hannuna. Duk inda ta yi dariya na rubuta lambar da ke kan inji, da tsawon dariyar. Nan ne ramukana. Na shiga ɗakin murya na kashe mukayyif, tawul a wuya, zuma da citta a gefe. Saukowar dulab daga bene sau goma sha ɗaya na maimaita ta, don ina son ihun Tanko ya tsaya daidai matakalar ƙarshe, ƙarar faɗuwa ta fito ita kaɗai, sannan shiru. Na fito muryata ta dishe, amma na san abin da na riƙe. Ban rubuta komai a kwali ba. Na dai tare Sani Direba a bakin masallaci na ce masa Tanko ya dawo, kuma in bai yi dariya ba ya zo ya fasa min kaset ɗin a ka.

Usta ya sauka kwana uku kafin sallah, da baƙin tabarau da sanda. Aikin ya ceci ido ɗaya, shi ma dishi-dishi. Ya zauna a shago, bai tambaye ni labarin ciniki ba, ga surukinsa na ta kawo masa gaisuwa safe da yamma. Washegarin sallah bayan la'asar ya miƙe ya ce, "Yalla, riƙe min hannu mu zaga."

Muka bi lungunan Mahjar a hankali, ko'ina ƙamshin suyar nama. Gida na farko shiru. Na biyu waƙa ce ke tashi daga faifan tauraro. Muka ci gaba. Da muka kai ginin da direbobi ke haya, sai na ji muryata ta fito ta wata ƙofa a buɗe, ga takalma jibge a bakinta. Tanko ne ke ihu a cikin dulab yana rantsuwa gobe zai je ya yi takardu. Usta ya matse hannuna muka tsaya. Ihu, ihu, ihu, sai gam! Sai shirun da na bari. Cikin shirun nan ɗakin ya fashe, maza fiye da goma, wani na buga bango, wani na tari, muryar Sani ta fi ta kowa yana cewa a mayar baya, don Allah a mayar baya. Dariyar na sauka, muryata ta dawo daidai kan gaɓa, ba ta taka ta kowa ba.

Usta ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Wa ya auna maka ramin nan?"

"Hajja ce, Usta."

"Na ji labarin ƙaramar sallah tun ina Sudan. Na kuma ji labarin ihun da ka yi a bakin shagon tela." Ya laluba aljihun jallabiyarsa ya ciro makullin ɗakin murya ya danƙa min a tafin hannu. "Surukina ya nemi wani wuri ya matse lemonsa."

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan kujerar nan, har kaset ya mutu; daga baya faifan CD ya zo shi ma ya mutu. Yau ga gidajen sinima a Jidda, kuna shiga da gugguru a hannu, masu sharhi kuma sun cika waya, kowa da taurarinsa. Usta da Hajja duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Farantin nan da kuke gani a rataye a falona, mai lotsawa a gefe, wanda kuke tambaya me ya sa ba a zubar ba, na Hajja ne.

Saboda haka Ruwaida, fassararki ba ta da laifi, amma ba a nan ake farawa ba. Kakarki na tsakar gida yanzu haka da tire a cinya tana tsince shinkafa. Kashe sautin wayar, ki kai mata, ki tsaya gefe ki zuba wa tiren ido.